Na fesa wa maigida maganin hanci yana barci, yau kwana uku ba ya min magana

Wata baiwar Allah ce ta turo min wannan daga Kano, na ɗan rage tsawonsa amma maganarta ce:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Mijina ɗan kasuwa ne a Kwari kuma yana da ciwon suga, duk shekara da hunturu ya shigo sai mura ta kama shi ta sauka ƙirji ya yi sati biyu yana tari yana shan kafso daga kemis. Ƙanwata da ke aikin nas a Ingila ta aiko mana da abin fesawa a hanci kala biyu, ɗaya ruwan gishiri ne ɗayan an rubuta Vicks First Defence, ta ce da ya ji alamar mura ya fara fesawa. Wallahi ya ƙi ko taɓawa, wai abokinsa da haka ya fara yanzu ba ya iya barci sai da kwalba a ƙarƙashin filo. Hajiyarsu kuma da ta ga ina sa wa yara na gishirin ta yi ta faɗa wai zan koya musu shaƙe-shaƙe, kuma wai wa ya san me Turawa suka zuba a ciki. Ran Litinin na ji ya fara atishawa, da barci ya ɗauke shi na ɗauko na fesa masa, ya farka a firgice yana tari yana salati. Yau kwana uku daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Anti laifi na yi? Kuma dan Allah abin yana da illa ne?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yafe min, sai da na ajiye wayar na yi dariya har da ƙwalla, ina ta hasko bawan Allah yana tsakiyar barci ya ji sanyi ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa, ai dole ya yi salati, ƙila ma ya zata ajali ne ya zo ta hanci. Toh dariya gefe, eh kin yi laifi, ba zan ɓoye miki ba. Mutum baligi mai hankali ya ce miki ba ya so, kika jira ya yi barci kika yi masa, ko da ruwan zamzam ne a kwalbar nan abin da ya tsaya masa a rai ba feshin ba ne, shi ne matata za ta iya sa min abu a jiki ban sani ba. Kin san mazanmu da wannan tunanin, kin kuma san abin da ake faɗa a gari kan mata da zube-zube, kin ga garin neman gira kina shirin rasa ido. Ga shi kuma ko ta fuskar lafiya ba a fesa wa mai barci komai, yana kwance rigingine ruwan maƙogwaro zai tafi ya sarƙe shi, shi ya sa kika ji tarin nan.

Yanzu bari mu zo kan abokinsa mai kwalba a ƙarƙashin filo, don a nan ne duk rigimar ta samo asali, kuma maigidanki bai yi ƙarya ba. Na yi shekaru ina tsaye bayan kanta a kemis, na san irin waɗannan mutanen tun daga bakin ƙofa. Akwai wani dattijo da yake zuwa mana kusan duk sati, baki a buɗe yana numfashi da shi, murya a toshe, ba ya ma gaisawa sosai sai dai ya miƙo tsohuwar kwalbar ya ce a ba shi irinta guda biyu, kuma kafin in ba shi canji ya ɓalle murfin ya fesa a nan gabana, ya lumshe ido ya ja wani dogon numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Abin da yake saya shi ne mai buɗe hanci, irin su Otrivin, in kika juya kwalbar za ki ga an rubuta xylometazoline, wasu kuma oxymetazoline. Shi aikinsa ya tsuke jijiyoyin jinin cikin hanci, kumburin ya sauka, cikin ƴan mintuna hanci ya buɗe wasai, daɗi kam akwai shi. Matsalar ita ce in aka ɗauki kwanaki ana yi hancin sai ya saba, da ƙarfin maganin ya sake shi sai jijiyoyin su kumbura fiye da da, mutum ya ji ya toshe ya ƙara fesawa, ya sake toshewa ya sake fesawa, mura ta daɗe da tafiya amma shi yana nan yana ta maganin toshewar da maganin ne da kansa yake kawo ta. Shi ya sa takardar cikin kwalin take cewa kar a wuce mako guda, wasu likitocin ma kwana 3 suke cewa a tsaya. Amma wa yake karanta takarda, mu da muke yar da kwali tun a bakin kemis.

To wannan shi ne abin da maigidanki ya gani, ya kuma ji tsoro, kuma tsoronsa a kan hanya yake. Inda ya kauce shi ne ya ɗauka duk kwalbar da ke da dogon baki ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce wallahi, kamar ka ce duk abin da ke cikin sachet omo ne. Akwai wancan mai buɗe hanci da na faɗa. Akwai na masu alaji, wato waɗanda ƙura ko makamancinta ke tayar musu da atishawa da ƙaiƙayin hanci, mai sitiroyid a ciki irin su fluticasone da mometasone, wanda likita ke rubutawa, shi kuma ba ya aiki nan take sai an yi kwanaki ana yi kullum. Har rigakafin mura mai zafi, wadda Turawa ke kira flu, akwai wanda ake fesa wa yara a hanci maimakon allura, a Ingila tun 2013 suke yi wa yaransu. Sai kuma waɗannan biyun da ke hannunki, da babu ko ɗaya daga cikinsu da yake taɓa jijiyar jini. Na gishirin ruwa ne da gishiri kawai, giram 9 a lita ɗaya, daidai da gishirin da ke cikin jikin mutum, ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti ma wannan awon ne. Ɗayan kuma wani abu ne mai ɗan kauri da yauƙi da yake shafe cikin hanci don ya riƙe ƙwayar cutar a fyace ta. Babu abin da zai sa hanci ya kamu da su har ya kasa rabuwa, in ya daina yau ya daina kenan.

Me ya sa ma ake zancen hanci a maganar mura? Saboda nan ce ƙofar. Ƙwayoyin bairos da ke kawo mura sun fi kala 200, shi ya sa ba ta da rigakafi guda ɗaya kuma shi ya sa mutum yake yi ya warke ya sake yi. Ta hanci suke shiga su zauna a jikin fatar ciki su fara hayayyafa kwana ɗaya zuwa uku kafin ma ka ji komai. Allah ya yi wa hancin masu shara, wasu ƴan mitsi-mitsin gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana suna tura majina da duk dattin da ta kama zuwa maƙogwaro a haɗiye. To ki duba abin da hunturu yake yi wa leɓenki da dugaduganki, haka yake yi wa cikin hanci, ya busar da majinar ta zama ɓawo, masu sharar su kasa motsi, wani har haɓo yake yi. Ki ƙara masa ƙurar Kwari, da burbushin yadi, da hayaƙin janareta, da cunkoson mutane wannan ya yi tari wancan ya yi atishawa a miƙo hannu a gaisa. Ruwan gishiri yana jiƙa wurin ya sassauta majinar ya wanko wani abu daga ciki, iyakacin sirrin kenan, babu wani siddabaru.

Kuma ƙanwarki ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. Jami'ar Southampton a can Ingila sun yi wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2024, mutum 13,799 suka shiga, dukkansu manya ne masu wata larura irin su suga ko asma ko tsufa ko masu yawan yin mura, wato irin maigidanki. Aka raba su rukuni-rukuni, wasu aka ba su na gishiri, wasu aka ba su wannan Vicks ɗin, wasu aka bar su yadda suka saba. Aka ce su fesa da zarar sun ji alamar farko ko sun yi cuɗanya da mai mura, har sau 6 a rana. Cikin wata shida waɗanda ba a ba komai ba sun yi kimanin kwana 8 suna ciwo, masu feshi kuma kimanin kwana 6 da rabi, kuma shan antibayotik, wato irin kafson nan na kemis, ya ragu a cikinsu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi burge ni ma shi ne na gishirin, mai arha, bai gaza mai tsadar da komai ba, hasali ma masu mai kaurin sun fi ƙorafin ciwon kai da na gefen hanci. Su kansu Turawan da aka zauna aka tambaye su ra'ayinsu, wasu ƙyama suka ce suna ji, wasu tsoron sabo, wasu suka ce su ba sa son sa magani alhali lafiyarsu ƙalau, kin ga ashe ba Hajiya kaɗai ba ce.

Amma ki lura da lissafin fa, kwana takwas ya koma shida da rabi, ba wai ya koma sifili ba. Ina faɗa miki haka ne don na ji yadda kika rubuto kamar rayuwarsa a cikin kwalbar nan take, har kika kasa haƙuri gari ya waye. Abu ne mai ɗan amfani, mai sauƙi, mara hatsari in an yi shi daidai, amma ba katanga ba ce, kuma in kika je kika ce masa in ya fesa ba zai ƙara mura ba, ranar da ta kama shi kin gama yawo, ba zai ƙara yarda da ke ba ko a kan farasitamol.

Ni abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki ma ba feshin ba ne, kafson nan ne da yake sha duk shekara. Mura bairos ce, antibayotik ba ya yi mata komai, ko ja da yalo ko Amoxil ko me, asarar kuɗi ce da kuma koya wa ƙwayoyin cutar jikinsa taurin kai, ranar da zai buƙaci maganin da gaske sai ya ƙi ci. Mai ciwon suga kuma da mura take sauka masa ƙirji duk shekara, wannan likita ya kamata ya gani ya saurari ƙirjin, ƙila nimoniya ce, wato ciwon huhu, take leƙo shi, ƙila asma ce ƙurar take tayarwa ba a taɓa ganowa ba. Rashin lafiya tana ɗaga suga, yawancin maganin tari na ruwa kuma sukari ne cike da shi, don haka in yana mura ya ƙara yawan auna sugansa, kar ya rage. In kika ga numfashi yana yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko kaki da jini, ko tari ya haura sati biyu, ki ajiye kwalba ku tafi asibiti, tarin da ya daɗe haka har gwajin tibi ake yi masa. Su yaran kuma babu feshin da zai tsare su daga mashaƙo da ta addabi Kano a 2023, ko sanƙarau da ke zuwa da zafi, waɗannan allurar rigakafi ce maganinsu, ki duba katinsu ki tabbata sun cika.

Sai Hajiya. Kar ki raina tsoronta ƙanwata, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Matar da ta rayu a Kano a 1996 ta san labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Ko ba ta san sunan maganin ba ta san an yi, kuma tun daga nan duk abin da aka ce daga waje ya zo za a sa wa yaro sai gabanta ya faɗi. Maganar shaƙe-shaƙe kuma ki duba unguwa, yara nawa sholisho ya lalata, ita a idonta duk abin da ake kai wa hanci a ja sama hanyar can ce. Ba za ki ci ta da gardama ba, kuma kar ki kuskura ki ce mata ai an yi bincike a Ingila, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Ki je har ɗakinta ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Hajiya na ga ranki ya ɓaci kan abin nan, ga shi na kawo ki gani da idonki. Ki fesa a bayan hannunki ki lasa, ki fesa mata a nata ta ɗanɗana, za ta ji gishiri ne zalla kamar hawaye. Ki ce mata ai kamar shaƙa ruwan alwala ne da muke yi kullum, sai dai shi an sa masa gishiri kaɗan don kar ya yi zafi. Har hadisi akwai da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai dai in ana azumi, wanke hanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. (Wannan hadisin kuma shi zai nuna miki in azumi ya zo a bar feshin sai bayan an sha ruwa, ko ya tambayi malaminsa.) In ta ce duk da haka ba ta so, ki ce to Hajiya, ki bar yi a gabanta, ki kuma bari ɗanta ne zai yi mata magana ba ke ba.

Na san za ta ce su Robb da man zafi suka sani. A ƙirji da wuya babu laifi ga babba, amma dan Allah kar a cusa a cikin hanci, balle na jariri, haka man habbatus sauda ko man zaitun da wasu ke ɗigawa, mai in ya silale zuwa huhu ba ya fita da sauƙi, yana iya kawo wani ciwon daban.

Kan yaran, na gishirin kawai, shi Vicks ɗin ki duba takardarsa akwai shekarun da suka ƙayyade, kar ki sa wa ƙanana. Jariri kuma ɗigo ake yi masa ba feshi mai ƙarfi ba. Kuma ina fata ba kwalba ɗaya kike zagaya gidan da ita ba, daga hancin wannan zuwa na wancan, in haka ne ke ce kike raba musu murar da hannunki. Kowa da tasa, a goge bakin bayan an gama. Yawancin masu cewa abin ba daɗi ko yana sauka musu a maƙogwaro yadda suke yi ne ba daidai ba, sai ka ga mutum ya ɗaga kai sama kamar zai sha magani ya danna ya ja da ƙarfi. A fara fyace hanci, a ɗan sunkuyar da kai kamar mai duba yatsun ƙafarsa, hannun dama ya yi hancin hagu hannun hagu ya yi na dama, don bakin kwalbar ya kalli wajen kunne ba bangon tsakiyar hanci ba, wannan bangon shi ne mai saurin fashewa ya yi haɓo. Sai a ja a hankali kamar ana shinshina turare.

In wanda aka aiko ya ƙare ba sai kin dami ƙanwarki ba, manyan kemis suna da na gishiri, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma karanta jikin kwalbar da kanki don yaron kemis in kika ce na hanci, wancan mai buɗe hancin zai miƙo miki, shi aka fi saya. Ana iya haɗawa a gida ma, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba tozo na gishiri cikin rabin lita na ruwa, wato awon fiya wata ɗaya, amma sai an tafasa ruwan ya huce, kuma a zubar a sake sabo kullum. Kar a ɗebo daga tanki ko rijiya a zura. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwaya da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma tafasa ruwa ai ba wahala ba ce.

Shi kuma oga, yau ɗin nan ba gobe ba, ki yi masa abin da ya fi so, in farfesu ne ma ya fi don zai taimaki murar, ki bari yara su kwanta, ki zauna kusa da shi ki ce Abban yara na yi kuskure, tsoro ne ya sa ni, duk shekara ina kallon yadda kake wahala, amma bai kamata in yi maka abu kana barci ba kuma ba zan ƙara ba. Ki tsaya a nan. Kar ki ce amma ai don lafiyarka na yi, da kin sa amma kin rushe haƙurin. Kar ki ɗauko zancen feshi a daren, ko washegari. In ya huce, wata rana kuna hira ki ce masa ya tambayi abokin nan nasa sunan da ke jikin kwalbarsa, ya zo ku gwada da naku, ya gani da idonsa ba abu ɗaya ba ne, namiji ya fi yarda da abin da ya gano da kansa. Ya kuma faɗa wa abokin ya ga likita, ana rabuwa da abin, wasu hanci ɗaya suke fara dainawa sannan ɗayan, sati ɗaya zuwa biyu na wahala ne hancin ya dawo daidai. Ranar da zai koma asibiti awon suga ki sa kwalaben biyu a aljihunsa ya nuna wa likitansa, ki haɗa masa da takunkumi ko biyu na shiga kasuwa ranar da hazo ya sauko. In bayan duk wannan ya ce shi dai ba ya so, hancinsa ne, ki bar shi, ki ajiye na gishirin a kan taga kusa da butar alwalarsa ki yi kamar kin manta da shi a wurin.

Ki rubuto min yadda kuka ƙare da Hajiya, ina son jin me ta ce da ta lasa.